Kwaikwayon Ƙuri'a a Kan Kwamfutoci Masu Yawa da Auna Ƙarfin Hanyoyin Sadarwa a Zangon Kwatano

Tsakure

Wannan takarda ta duba yadda ake raba aikin kwaikwayon hanyoyin sadarwa ga kwamfutoci da yawa su yi shi a lokaci guda, ta ɗauki unguwar Zongo ta birnin Kwatano a matsayin fagen nazari. Matsayinta shi ne, a irin tambayoyin da Zongo ke jefa wa injiniya, ƙarin kwamfutoci ya fi amfani idan aka sa kowace ta maimaita kwaikwayon gaba ɗayansa da nata lambobin ƙuri'a, fiye da a yanyanka kwaikwayo guda a rarraba musu. Takardar ta kawo hujja daga lissafin jerin gwano da kuma tarihin fannin, ta amsa sukar da ake yi wa wannan matsayi.

Shimfiɗa

Zongo tana cikin gunduma ta biyar ta birnin Kwatano, kusa da tashar jiragen ruwa, ba kuma nisa da kasuwannin Dantokpa da Missèbo da tashoshin motar Jonquet. Unguwa ce ta Hausawa da Zabarmawa da Dandawa da Yarbawa da Fulani, wadda babban masallacinta ke tara jama'a daga sassan birnin, kuma rayuwarta ta rataya ne ga fataucin da ke bi ta Parakou da Malanville zuwa Gaya da Yamai, da wanda ke bi ta Seme zuwa Legas. Ɗan canji da dillalin mota da direban tirela da mai sayar da raguna duk da waya suke cin abinci, kuma kamfanoni uku ne ke ɗauke da su a yau: MTN, da Moov Africa, da Celtiis wanda kamfanin gwamnati SBIN ya ƙaddamar a watan Oktoba na 2022, dukkansu a ƙarƙashin sa idon hukumar ARCEP. Duk injiniyan da aka ɗora wa alhakin turakun sadarwar wannan yanki yana fuskantar tambaya ɗaya da ba ta da sauƙin amsa. Yana son ya san kira nawa zai faɗi, da daƙiƙa nawa saƙon tura kuɗi zai jira, a cikin rubu'in sa'ar da ya fi kowane cunkoso, tun kafin a kashe kuɗi a kafa sabon turke ko a ƙara wa tsohon ƙarfi. Yana kuma bukatar ya san iyakar yadda zai amince da amsar da ya samu. Rabin tambayar na biyu shi ne aka fi yin sakaci da shi, kuma a kansa wannan takarda ta tsaya.

Abin da kwaikwayon ƙuri'a ke bayarwa

A kwaikwayon ƙuri'a ana gina hanyar sadarwa a cikin kwamfuta, da turakunta da layukanta da ka'idojin da take bi wajen karɓar kira ko ƙinsa, sannan a sako mata masu kira na ƙirƙira. Lokacin da kowane kira zai shigo da tsawon da zai yi, lambobin ƙuri'a ne ke yanke su, bisa wani tsarin yiwuwa da mai binciken ya zaɓa. Agogon kwaikwayon yana tsallakawa daga aukuwa zuwa aukuwa, wato daga shigowar kira zuwa ƙarewar wani, har a tara isassun alƙaluma. Dabarar ta samo asali ne daga aikin Stanislaw Ulam da John von Neumann da Nicholas Metropolis a Los Alamos a ƙarshen shekarun 1940, wadda aka laƙaba wa sunan Monte Carlo. Abin lura shi ne, duk lambar da irin wannan kwaikwayo ya fitar samfuri ce kawai. Idan aka canza irin da aka fara jefa ƙuri'a da shi, wata lambar daban za ta fito, ko da ba a taɓa komai a tsarin ba. Ɗan kasuwar shinkafa a Kwatano ba ya soka buhu ɗaya ya ɗanɗana sannan ya biya kuɗin tirela guda, sai ya soki na gaba da na tsakiya da na ƙasa. Mai binciken da ya gudanar da kwaikwayo sau ɗaya ya wallafa sakamakon, buhu ɗaya ya soka.

Wannan kuskure ya yi katutu a fannin fiye da yadda ake zato. A watan Janairun 2002 Krzysztof Pawlikowski na Jami'ar Canterbury da ke New Zealand, tare da abokan aikinsa Jeong da Lee, sun wallafa wani nazari a mujallar IEEE Communications Magazine bayan sun bi takardun bincike sama da 2,200 na fannin sadarwa. Sun gano cewa galibin waɗanda suka dogara da kwaikwayo ba su nuna wata alama ta cewa sun kula da cewa sakamakonsu na ƙuri'a ne ba: ba iyakar kuskure, ba bayanin tsawon gwajin, sau da yawa ba ma sunan injin da ya samar da lambobin. A 2005 Stuart Kurkowski da Tracy Camp da Michael Colagrosso suka yi irin wannan bin diddigi a kan takardun taron MobiHoc, suka samu cewa waɗanda wani zai iya maimaita gwajinsu ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Da yawa daga cikin takardun da aka bi diddiginsu daga manyan jami'o'i masu kayan aiki suka fito, don haka ba rashin kwamfuta ne ya jawo ba. Sai dai akwai dalili na zahiri da ke tura mutane ga gajarta gwaji, kuma lissafi ne ke bayyana shi.

A ɗauki jerin gwano mafi sauƙi, mai hidima ɗaya, inda masu zuwa ke shigowa bisa tsarin Poisson. Idan nauyin da ke kansa rabin ƙarfinsa ne, matsakaicin waɗanda ke cikin tsarin mutum 1 ne. Idan nauyin ya kai kashi 90 cikin 100 sai su zama 9, a kashi 95 su zama 19, a kashi 99 su zama 99. Abin da ya fi wannan muni, kamar yadda Ward Whitt ya nuna a 1989, shi ne tsawon gwajin da ake bukata don a samu daidaito iri ɗaya yana ƙaruwa da murabba'in kusantar cika. Tashi daga kashi 50 zuwa kashi 90 yana ninka tsawon gwajin kusan sau 18, daga 90 zuwa 99 kuma ya sake ninka shi kusan sau 95. Ga kuma dokar da ta shafi kowane samfuri, cewa rage kuskure zuwa rabi yana cin ninki huɗu na alƙaluma. Wato daidai yanayin da injiniyan Zongo ya damu da shi, lokacin da turke ya kusa shaƙewa, shi ne ya fi tsadar kwaikwayo. Daga nan ne bukatar kwamfutoci da yawa ta taso.

Hanyoyi biyu na raba aiki

Hanya ta farko ita ce ta yanyanka tsarin. A ba wannan kwamfuta turakun Zongo, waccan na Dantokpa, wata kuma cibiyar da ke haɗa su, su riƙa aika wa juna saƙonni. Matsalar ita ce kowace tana da nata agogon, kuma bai halatta wata ta aiwatar da abin da ya faru ƙarfe biyu da minti biyar ba alhali akwai saƙon ƙarfe biyu da minti uku da bai iso mata ba. Randal Bryant a 1977, da Mani Chandy da Jayadev Misra a 1979, sun kawo maganin taka-tsantsan: kowace ta jira har sai ta tabbata babu saƙon baya da zai zo. David Jefferson a 1985 ya kawo na kasada, wanda ya kira Time Warp: kowace ta yi gaba abinta, idan saƙon baya ya riske ta sai ta warware abin da ta yi ta koma. Aiki ne na hazaƙa ƙwarai, kuma Richard Fujimoto ya tattara shi a wata sananniyar maƙala ta 1990. Amma ribar hanyar taka-tsantsan ta dogara ne kacokan ga abu ɗaya, wato tazarar lokacin da kowane yanki zai iya hangowa gaba ba tare da tsoron katsalandan ba, kuma wannan tazara daga jinkirin tafiyar sigina take fitowa. A zaren gilashi haske yana cin kimanin makirosakan 5 a kowace kilomita, don haka layin da ya tashi daga Kwatano zuwa Parakou, mai tsawon sama da kilomita 400, yana ba da sararin kusan milisakan 2. A iska kuwa siginar rediyo tana cinye mita 300 cikin makirosakan 1. Turakun unguwa mai cunkoso irin Zongo 'yan ɗaruruwan mitoci ne tsakaninsu, kuma kowane yana damun siginar maƙwabcinsa. Idan aka raba su ga kwamfutoci daban-daban, lokacin da za su ɓata wajen tambayar juna zai fi wanda za su yi aiki. Ba a banza ba manhajar kwaikwayo ta ns-3 ta taƙaita rarraba kwaikwayo ga mahaɗar layukan da ke tsakanin na'ura da na'ura kai tsaye. Ko da an shawo kan wannan duka, abin da za a samu a ƙarshe samfuri ɗaya ne da ya zo da wuri.

Hanya ta biyu ba ta da wannan ƙawa, kuma watakila shi ya sa ba a cika yi mata kirari a taruka ba. Kowace kwamfuta tana ɗaukar kwaikwayon dukkansa, tana gudanar da shi da nata jerin lambobin ƙuri'a, ba ruwanta da sauran. Lokaci-lokaci takan miƙa ƙiyasinta ga wata mai tattarawa, wadda ke haɗa su ta lissafa iyakar kuskure, ta kuma tsayar da kowa da zarar kuskuren ya sauka zuwa inda aka gindaya, misali kashi 5 cikin 100 a matakin amincewa na kashi 95. Wannan shi ne tsarin da rukunin Pawlikowski, tare da Greg Ewing da Don McNickle, suka gina a manhajar Akaroa a shekarun 1990, wadda daga baya ta zama Akaroa2, aka kuma haɗa ta da manhajojin kwaikwayo na ns-2 da OMNeT++. Fa'idarsa ga wuri irin namu a bayyane take. Saƙonnin da ke yawo tsakanin kwamfutocin 'yan lambobi ne ƙalilan, don haka ba a bukatar wata babbar na'ura mai tsada. Kwamfutocin ɗakin ɗalibai a IFRI ko EPAC na Jami'ar Abomey-Calavi, ko na cibiyar IMSP da ke Dangbo, sun isa idan aka bar su suna aiki da dare. Ba dole su zama iri ɗaya ba. Idan wuta ta ɗauke a wani ɗaki, abin da aka rasa gudummawar waɗannan injunan ce kawai, alhali a tsarin yanyankawa mutuwar injin guda tana kashe gwajin baki ɗaya. Mafi muhimmanci, samfuran da ke fitowa ba su dogara da juna ba, kuma wannan ne sharaɗin da lissafin iyakar kuskure ya fi bukata, wanda ke da wuyar samu daga doguwar gudu ɗaya inda kowace lamba ke ɗauke da gurbin wadda ta gabace ta.

Sukar da ta fi ƙarfi

Masu suka suna da hujja ta lissafi, kuma ba a iya kauce mata da magana. Kwaikwayo yakan fara ne da hanyar sadarwa fanko, sai a jira ta cika ta daidaita, a zubar da alƙaluman farko saboda ba sa wakiltar yanayin da ake nema. A doguwar gudu ɗaya sau ɗaya ake biyan wannan haraji. A tsarin maimaitawa kowace kwamfuta sai ta biya nata. Dokar da Gene Amdahl ya bayyana a 1967 tana aiki a nan ba sassauci: idan lokacin ɗumamar ya kai kashi 10 cikin 100 na dukkan gwajin, kwamfutoci 10 za su ba da saurin ninki 5.3 ne kawai, 100 su ba da 9.2, kuma ko an tara dubu ba za a wuce ninki 10 ba. Wannan gaskiya ne. Sai dai sukar ta ginu ne a kan zaton cewa abin da ake nema shi ne yanayin da hanyar sadarwa ke zama a kai idan nauyi ya daɗe bai canza ba, kuma a nan ne Zongo ke karya zaton. Ranar Juma'a dubban mutane ne ke taruwa a 'yan tituna kewaye da masallaci, wayoyinsu shiru muddin ana huɗuba da salla, da an sallame kuwa sai a ciro su kusan tare. Wannan tashin ba ya daɗewa har ya daidaita. Yana hawa, ya kai ƙololuwa, ya sauka yayin da jama'a ke watsewa. Haka abin yake da shan ruwa a watan azumi, da jajiberin babbar salla lokacin da cinikin raguna da tura kuɗi ke haɗuwa, da safiyar idi. Kowanne aukuwa ce mai farko da ƙarshe. A irin wannan kwaikwayo babu abin zubarwa, domin mintocin farko su ne ainihin abin da ake nazari, kuma hanya ɗaya tilo ta samun iyakar kuskure ita ce a maimaita Juma'ar sau ɗaruruwa da ƙuri'u daban-daban. Doguwar gudu ɗaya ba ta da ma'ana a nan, tunda ba a iya tsawaita rubu'in sa'a. Harajin Amdahl ya ragu zuwa ɗan abin da ake kashewa wajen shirya yanayin farawa, saurin kuma ya kusa daidai da adadin injunan.

Akwai tarkuna biyu a wannan hanya, kuma duka biyun sun fi haɗari saboda ba sa nuna alama. Na farko Philip Heidelberger ya bayyana shi a 1988, ya kuma faɗaɗa shi tare da Peter Glynn. Idan aka ce injuna su yi ta maimaitawa har agogon bango ya kai wani lokaci, sannan a tattara waɗanda suka kammala kawai, sakamakon zai karkata. Dalili kuwa shi ne zagayen da aka yi cunkoso mai tsanani ya fi yawan aukuwa, ya fi jinkirin ƙarewa, don haka shi ne aka fi yankewa a watsar. Mai binciken zai tashi da hoton Zongo da ya fi gaskiya kyau, kuma yawan injuna yana ƙara wa karkatar nauyi maimakon ya rage ta. Maganin shi ne a ƙayyade zagayen da za a ƙirga tun kafin a fara, ko a jira duk wanda aka fara ya ƙare. Tarko na biyu lambobin ƙuri'ar ne kansu. George Marsaglia ya nuna tun 1968 cewa lambobin da tsofaffin injunan ninkawa ke fitarwa suna jeruwa a kan 'yan shimfiɗu maimakon su bazu. Injin da tsofaffin sigogin ns-2 suka yi amfani da shi yana zagayowa bayan lambobi kimanin biliyan 2, abin da kwamfutar yau ke cinyewa cikin 'yan mintoci ko ƙasa da haka. Idan injuna ashirin suna ɗiba daga irin wannan ƙaramar rijiya, jerinsu zai hau kan juna, samfuran su zama 'yan uwa, iyakar kuskuren ta fito siririya a kan ƙarya. Al'adar ba kowace kwamfuta iri daga agogonta ba ta tsare komai. Injin MRG32k3a na Pierre L'Ecuyer, wanda ns-3 ke amfani da shi, an tsara shi ne musamman don a yanka zagayensa mai tsawon kusan 2 a ƙarfi na 191 zuwa rafuka da ba sa haɗuwa, kuma abin da ake so shi ne a bar iri ɗaya a riƙa canza lambar zagaye.

Ko ana bukatar kwaikwayon ma?

Wani zai ce duk wannan wahala ce ta banza, tunda Agner Krarup Erlang ya ba mu lissafin faɗuwar kira tun 1917 yana aiki da kamfanin tarho na Kopenhagen. Lissafin nasa yana da daraja, kuma da shi ya kamata a fara gwada ingancin kowane kwaikwayo. Shi kansa yana nuna hatsarin dogaro da matsakaici: layuka 15 masu ɗauke da nauyin kira na erlang 10 suna zubar da kira kusan kashi 3.7 cikin 100, idan nauyin ya ninka zuwa 20 sai su zubar da kashi 33. Rahoton da ya haɗa sa'ar cunkoso da sa'o'in shiru zai ɓoye wannan ratar. Amma Erlang ya gina lissafinsa a kan zato uku: masu kira ba su da alaƙa da juna, nauyin ba ya canzawa, wanda kiransa ya faɗi kuma ya haƙura. Sallamar liman tana rushe biyun farko lokaci guda. Na ukun kuwa duk wanda ya san ɗan kasuwa yana neman direbansa ya san ba ya tsayawa. Zai sake dannawa nan take, kowace dannawa kuma ƙarin nauyi ce a kan turken da ya riga ya shaƙe. Ga filashin, wanda Jonathan Donner ya yi nazarinsa a 2007, da ke cin hanyar sigina ba tare da ya zama kira ba. Ga lambobin tura kuɗi na USSD, waɗanda a tsohuwar fasahar 2G suke rububin ƙaramar hanyar sigina ɗaya da buɗe kira da gajeren saƙo. A ɓangaren intanet kuwa, Leland da Taqqu da Willinger da Wilson sun nuna a 1993 cewa zirga-zirgar bayanai tana zuwa ne a dunƙule a kowane ma'aunin lokaci, Vern Paxson da Sally Floyd kuma suka tabbatar a 1995 cewa tsarin Poisson ba ya kama ta. Babu wani tsararren lissafi da ke haɗa waɗannan duka.

Suka ta gaba ta fi kama hankali: me ya sa ba za a auna hanyar ta gaske ba, tunda tana nan? Kamfanoni suna da ƙididdigar kowane turke, hukuma kuma tana iya zagayawa da na'urorin gwaji. Awo wajibi ne, kuma kwaikwayon da bai dace da awon jiya ba bai cancanci a tambaye shi gobe ba. Amma awo yana ba da labarin abin da ya faru ne kawai, alhali yanke shawara yana bukatar sanin abin da bai faru ba tukuna. Ranar 14 ga Maris 2024 igiyoyin ƙarƙashin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kot Dibuwa, kuma biyun ƙarshe su ne suka sauka a Kwatano, SAT-3 tun 2002, ACE a 2015. A watan Yulin 2009 lalacewar SAT-3 ta taɓa Benin da Togo da Nijar da Nijeriya. Babu kamfanin da zai yanke igiyarsa da gangan don ya ga yadda masu WhatsApp za su koma kiran murya su danne turakun Zongo. Haka nan tsarin kira na unguwar fatake yana bin tafiyar kaya. Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai an rufe gadar Malanville, tireloli suka yi cirko-cirko, kuma ɗage takunkumin ECOWAS a Fabrairun 2024 bai sa Nijar ta buɗe nata ɓangaren ba. Ƙididdigar da aka tara kafin irin waɗannan sauye-sauye ba lallai ta bayyana abin da ya biyo baya ba. Kwaikwayo ne kaɗai ke ba da damar a gwada yanayi goma mabambanta, kuma wannan ma aiki ne da ya dace da injuna masu zaman kansu, tunda kowane yanayi yana bukatar nasa ɗaruruwan zagaye.

Inda hanyar ke da iyaka

Maimaitawa tana rage kuskuren ƙuri'a ne kaɗai. Idan tsarin shigowar kira da aka zuba a cikin kwaikwayon aro ne daga wani birni na Turai, injuna dubu za su ba da amsar da ba ta Zongo ba, da iyakar kuskure siririya mai ruɗarwa, wadda a ganina ta fi rashin amsa illa saboda tana sa mai yanke shawara ya saki jiki. Bayanan da za su gyara wannan suna hannun kamfanoni, su kuma suna da dalilin riƙe su. Lokacin da kamfanin sadarwa na Orange ya saki bayanan kira na Kot Dibuwa ga masu bincike a gasar D4D ta 2012, da na Senegal a 2014, an ga irin amfanin da ke ciki. A 2013 kuma Yves-Alexandre de Montjoye da abokansa suka nuna cewa wurare huɗu da lokutansu sun isa a gane kashi 95 cikin 100 na mutane a irin waɗannan bayanai ko da an cire sunaye. A unguwar da baƙi da 'yan canji da masu tsallaka iyaka suka yi yawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma dokar fasahar zamani ta Benin mai lamba 2017-20 da hukumar kare bayanan mutane ta APDP suna nan don irin haka. Sa'ar da aka yi ita ce kwaikwayon ba ya bukatar sanin wanda ya kira wa. Adadin yunƙurin kira a kowane minti a kowane turke, da rabon tsawon kira, da yawan sake dannawa, sun wadatar, kuma babu sunan kowa a cikinsu. Abin da ke da muhimmanci shi ne ƙanƙantar ma'aunin lokacin, domin ƙididdigar sa'a-sa'a tana shafe tashin bayan Juma'a gaba ɗaya.

Iyaka ta biyu ta shafi aukuwar da ba a cika gani ba. Don a ƙiyasta abin da ke faruwa sau ɗaya cikin miliyan, da kuskuren da bai wuce kashi 10 cikin 100 ba a matakin amincewa na 95, ana bukatar gwaji kusan miliyan 384. Injuna ashirin za su raba wannan nauyi gida ashirin, abin da ya rage kuma har yanzu dutse ne. A nan dole a haɗa maimaitawa da dabarun da ke karkatar da ƙuri'a da gangan zuwa ga yanayin haɗari sannan su gyara nauyin a lissafi, ko irin dabarar RESTART da 'yan uwan nan Villén-Altamirano suka gabatar a 1991, wadda ke rassa zagayen duk lokacin da ya kusanci shaƙewa. Akwai kuma tambayoyin da suka shafi ƙashin bayan ƙasa gaba ɗaya, daga mashigar teku a Kwatano zuwa Parakou da Malanville, inda tsarin kan yi girman da ba zai shiga ƙwaƙwalwar injin guda ba, dogayen layuka kuma suna ba da sararin da hanyar Chandy da Misra ke so. A can yanyankawa tana da gurbinta, kodayake ko ita sai an maimaita ta kafin a yarda da lambarta. Hukumar da ke karɓar alkawarin ingancin sabis daga kamfanoni, ko kwamitin da ke duba kundin digiri a Abomey-Calavi, na da ikon gindaya cewa duk lambar da ta fito daga kwaikwayo ta zo tare da adadin zagaye, da sunan injin ƙuri'a da yadda aka raba rafukansa, da ka'idar tsayarwa, da iyakar kuskure. Ga Zongo musamman, sai a ƙara da bayanin ranar mako da mintocin da aka kwaikwaya.